Ƙwarya, ludayi da ƙyallen tela: Kayan wasan da ke gina ƙwaƙwalwar jariri a gidajen Keffi

Duk wanda ya ratsa kasuwar Keffi, ko shagunan da ke bakin babban titin da ya nufi Abuja, zai ga kayan wasan yara a rataye: motoci masu batir, 'yan tsana na roba da wayoyin ƙarya masu kiɗa da walƙiya. Mafi yawansu daga ƙetare ake shigo da su, don haka farashinsu dala yake bi sau da ƙafa. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin Naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa a watan da ya biyo baya, irin waɗannan kaya suka koma sai kallo ga iyalai da dama. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Magidancin da ke lissafin cefane da haya da kuɗin motar zuwa aiki Abuja, da wuya abin wasan jariri ya shiga lissafinsa.

A gidaje da yawa wayar salula ce ta cike wannan gurbi. Da jariri ya fara rigima, sai a kunna masa bidiyo a jingine masa a gaba, uwa ta samu ta ƙarasa girki. Sai dai ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun hana a zaunar da yaron da bai cika shekara ɗaya ba a gaban allon waya ko talabijin, ko na ɗan lokaci ne. Ko wanda ya cika shekara biyu ma, hukumar ta ce kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a yini.

Tsakanin abin wasan kanti da ya yi tsada da wayar da masana suka hana, akwai hanya ta uku, kuma kayan aikinta suna nan a madafi da kwandon tela da rumbun kowane gida, daga Tudun Kofa zuwa Angwan Lambu.

Me jariri ke yi da wasa?

Jariri yana sanin duniya ne ta ƙofofi biyar: gani, ji, taɓawa, ɗanɗano da sansanawa. Duk lokacin da ya bi wani abu da ido, ko ya waiwaya don ƙarar da ya ji, ko ya damƙi ludayi ya kai baki, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa suna ƙulla sababbin mahaɗai a tsakaninsu. Cibiyar nazarin girman yara ta Jami'ar Harvard da ke Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarun farko na rayuwa ana ƙulla irin waɗannan mahaɗai sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Waɗanda ake yawan amfani da su suna ƙara ƙarfi, waɗanda aka bari kuma suna shuɗewa. A shekarar farko kaɗai, ƙwaƙwalwa tana ninka girmanta. Hausawa sun riga sun faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Rashin samun wannan dama ba ƙaramar asara ba ce. A 2016 mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta cewa yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, wato kashi 43 cikin 100, suna cikin haɗarin kasa kaiwa matakin basirar da ya kamata su kai, saboda talauci da tsumburewa. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna adadin ya kai kashi 40.

Darasi daga Jamaika

Babbar hujjar da ake kafawa kan kayan wasan haɗin gida ta fito ne daga unguwannin talakawa na birnin Kingston a ƙasar Jamaika. A tsakanin 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta na Jami'ar West Indies suka zaɓi yara 129 da suka tsumbure, masu wata tara zuwa wata 24. Aka kasa su kashi huɗu: wasu aka riƙa ba su ƙarin madara, wasu aka riƙa kai musu ziyarar wasa, wasu suka samu duka biyun, sauran kuma suka tsaya ga kulawar asibiti da kowa ke samu.

Ziyarar ba ta ƙunshi wata na'ura ba. Ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ce ke zuwa gida sau ɗaya a mako, ta yi awa ɗaya tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan da aka haɗa daga robobi da kwalaye da ƙyallaye. Idan za ta tafi sai ta bar abin wasan, mako mai zuwa ta musanya shi da wani. Haka aka yi har shekara biyu.

Bayan shekara 20 aka sake bin sawun yaran, sun zama samari da 'yan mata. Sakamakon da mujallar Science ta wallafa a 2014, wanda James Heckman, masanin tattalin arzikin da ya ci kyautar Nobel, yana cikin marubutansa, ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100, har sun kamo takwarorinsu da ba su taɓa tsumburewa ba.

Irin wannan bincike ne ya sa kundin koyar da kula da girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka fitar a 2012 ya dogara ga kayan cikin gida, kamar tukunya da cokali da mazubi mai marfi. Abin lura a darasin na Kingston shi ne, robar da aka zuba wa tsakuwa ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Ta zama dalilin da zai sa uwa ta zauna, ta dubi idon ɗanta, ta yi masa magana, ta jira ya mayar mata.

Gadon da ake da shi

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Ƙaramin goran duma da ya bushe da 'ya'yansa a ciki caki ne da Allah Ya haɗa, girgiza shi kawai za a yi. Faifai mai rini kala-kala, da tabarmar kaba mai kaushi, da shantun da mata ke bugawa, da waƙoƙin reno, da goyon da ke sa jariri ya ji ɗumin uwa da bugun zuciyarta da kaɗawar tafiyarta, duk suna ciyar da waɗannan ƙofofi biyar. Yara masu tasowa kuma su suke ƙera motar kara da 'yar tsanar ƙashi da hannunsu. Abin da ake buƙata yanzu shi ne a dawo da wannan gado da sani, a san abin da ya dace da kowane wata, a kuma san abin da ke iya yin kisa.

Daga haihuwa zuwa wata uku

Sabon jariri ba ya gani sosai sai abin da ke nesa da idonsa da kimanin santimita 20 zuwa 30, daidai tazarar da ke tsakanin fuskarsa da ta uwa lokacin shayarwa. Fuskar mutum ta fi komai jan hankalinsa, sai kuma baƙi da fari da ke kusa da juna.

A samu farin kwali, a zana masa manyan da'irori ko ratsi-ratsi ko fuskar mutum da baƙar tawada. A riƙe shi a wannan tazara, a matsar da shi a hankali daga dama zuwa hagu, a ga ko idon zai bi. Faifai mai ratsin baƙi da fari ma yana yin wannan aiki. A wannan mataki abin kallo ne kawai, ba a miƙa masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma ba da shawarar a riƙa kwantar da jaririn da bai fara rarrafe ba rubda-ciki, jimillar aƙalla minti 30 a yini, a rarrabe kaɗan-kaɗan, idonsa biyu kuma babba yana wurin. Hakan ke ƙarfafa wuya da kafaɗu. Idan aka shimfiɗa zani mai tsabta a kan tabarma, aka jingine kwalin a gabansa, zai yi ta ƙoƙarin ɗaga kai. Barci kuwa a rigingine ake kwantar da shi, kuma ba a barin wani abin wasa a shimfiɗarsa.

Wata uku zuwa shida

A nan ne hannu ke fara kai wa abu cafka, kuma duk abin da aka cafka baki ya nufa.

Caki shi ne na farko. A samu ƙaramar robar ruwan sha, a wanke, a shanya ta bushe sarai, a zuba cokali ɗaya na riɗi, wanda Jihar Nasarawa ta yi suna wajen nomansa. A wata robar a zuba gero, a wata shinkafa. Kowace da irin amonta: riɗi yana da taushin sauti, shinkafa ta fi kaifi. A ɗaure marfin tamau, sannan a zura robar cikin tsohuwar safa mai tsabta a ɗinke bakin, ta yadda ko marfin ya kwance ba zai fito ba. Ƙananan ƙwayoyi irin waɗannan sun fi wake ko tsakuwa sauƙin haɗari idan aka yi rashin sa'a robar ta fashe. A kaɗa a gefen kunnen dama, a dakata ya waiwayo, sannan a koma hagu.

Na biyu shi ne shimfiɗar taɓawa. Kowane tela a Keffi yana share ƙyallaye daga shagonsa kullum: atamfa, shadda, yadi mai santsi, karan-miski. A haɗa da guntun tsohon tawul, a yanka kowanne kamar faɗin tafin hannu biyu, a wanke su sosai don fitar da sitaci da rini, a ɗinke su wuri ɗaya da ɗinki mai ƙarfi. A guji leshi mai duwatsu da duk ƙyallen da ke da maɓalli ko zare mai zarewa. Idan aka ɗinke gefe ɗaya kawai, an samu littafin ƙyalle ke nan. Yayin da yatsunsa ke shafawa, a riƙa faɗa masa sunan abin da yake ji: wannan laushi, wannan kaushi, wannan santsi.

Maimakon madubin gilashi, marfin tukunya mai ƙyalli wanda bakinsa ba shi da kaifi ya isa jariri ya ga fuska tana motsi a ciki.

Wata shida zuwa shekara

Da zarar yaro ya fara zama, madafi ya zama makarantarsa. Ƙwarya mai kauri da ludayi, ko kwanon roba da cokalin katako, sun ishe shi kiɗa, kuma daga nan yake gane cewa hannunsa ne ke haddasa ƙarar. A duba ƙwaryar kafin a ba shi, domin wadda ta tsage tana da kaifi.

Kofunan roba uku ko huɗu masu bambancin girma suna koya masa babba da ƙarami, wanne ke shiga cikin wanne. Ƙwarya da aka zuba wa manyan abubuwa, kamar lemon zaƙi da ƙwallon ƙyalle da ludayi, za ta sa ya yi ta kwashewa yana mayarwa. Ga babba wannan ɓarna ce, ga yaro kuwa darasi ne na ciki da waje.

Wajen wata takwas zuwa tara yaro ke fara fahimtar cewa abin da ya ɓace wa ido yana nan bai gushe ba. A kife ƙwarya a kan cakinsa yana kallo, a tambaye shi ina ya shiga, a bar shi ya ɗaga da kansa. Rufe fuska da mayafi a buɗe ma wannan darasin yake koyarwa.

Bayan wata shida na nonon uwa zalla, abinci ma ya shiga cikin kayan wasa. Ayaba ko gwanda ko dafaffen dankali da aka dame, idan aka bar yaro ya cakuɗa da hannunsa da aka wanke, yana haɗa taɓawa da ƙanshi da ɗanɗano a zama ɗaya.

Inda haɗarin yake

Abin wasan haɗin gida ba ya bi ta hannun wata hukumar tantance inganci, don haka iyaye su ne masu tantancewa.

Babban haɗari shi ne shaƙewa. A Amurka doka ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara uku abin wasan da wani ɓangarensa zai iya shigewa bututu mai faɗin santimita 3.17. A gida, babba ya haɗa babban yatsansa da manuniya ya yi zobe. Duk abin da ya wuce ta ciki bai dace da hannun jariri ba. Marfin robar ruwa yana wucewa. Haka gyaɗa da gurjiya da aya da ƙwallon dabino da maɓalli da duwatsun ado.

Akwai 'ya'yan itatuwa masu kyan gani da ke ɗauke da dafi. Idon zakara, mai ja da ɗigon baƙi, yana cikin mafiya haɗari, haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu da ake shinge da shi. Kada ko ɗaya ya shiga caki.

A yankin noma kamar Keffi da ƙauyukanta, robobin maganin feshi suna yawo a gidaje. Mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ciyawa ko na ƙwari, ko fiya-fiya, ko kananzir, ko fetur, ba ya zama abin wasa komai wankin da aka yi masa.

Leda da balan-balan suna toshe numfashi. Igiya ko zaren da ya fi tafin hannu tsawo yana iya naɗe wuya, don haka ba a rataya wa jariri abin wasa a wuya. Wasan ruwa kuma sai babba yana riƙe da yaro, domin ɗan ruwan da ya rage a gindin bokiti ya isa ya halaka mai rarrafe.

Kayan kanti da na gwanjo ma ba su kuɓuta ba. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli da ke cikin masu kiɗa da walƙiya, idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu. Wannan asibiti ake nufa kai-tsaye, ba a jiran ya fita da kansa. Tsohon fenti mai ɓarewa kuma yana iya ƙunsar dalma, gubar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani mizani nata da ba ya cutarwa ba. Arewa ta ga aikin dalma a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare ta kashe yara sama da 400. Shi ya sa barin ƙwarya da katako a launinsu na asali ya fi shafa musu fentin da ba a san asalinsa ba.

Sai tsabta. Abin da ke yawo tsakanin ƙasa da baki yana iya kawo gudawa. A wanke na roba da sabulu kullum, a shanya na ƙyalle a rana, a zubar da cakin da danshi ya shiga.

Wa zai zauna da shi?

A nan al'ada take da abin cewa. Kunyar ɗan fari takan sa matashiyar uwa ta kame daga yi wa jaririnta wasa ko kiran sunansa a gaban surukai. A babban gida na gargajiya wannan bai bar giɓi ba, domin ga kaka mai wasan jika, ga gwaggo da inna, ga 'yar reno. Amma Keffi ta yau cike take da ma'aurata da ke haya su kaɗai, ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Jihar Nasarawa, da masu sammakon tafiya aiki Abuja su dawo bayan magariba. A irin wannan gida, idan uwa ta kame, uba ya gaji, babu wanda ya saura sai waya.

Iyaye maza musamman suna da rawar takawa. Ingantattun hadisai sun nuna Manzon Allah (SAW) yana sumbatar jikansa Hasan, yana kuma ɗauke da jikarsa Umama a cikin Sallah. Minti goma da uba zai yi a kan tabarma bayan ya dawo, yana kaɗa caki yana amsa gwarancin ɗansa, ba ya rage masa kwarjini.

Yadda ake wasan ma yana da ƙa'ida mai sauƙi: a bi yaro, kada a ja shi. Abin da ya kalla shi za a ambata. Idan ya yi sauti a mayar masa, a dakata ya sake. Idan ya kau da kai ko ya fara hamma, ya gaji ke nan. Abu ɗaya ko biyu a lokaci guda sun isa. A ɓoye sauran, bayan kwanaki a fito da su sun zama sababbi.

Caki a matsayin ɗan gwaji

Wasa yana kuma tona abin da ido bai gani ba. Jaririn da ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata huɗu ba ya bin abu da ido ko wuyansa bai tsaya ba, ko ya kai wata shida ba ya waiwayar sauti, ko ya kai wata tara bai iya zama ba, ya kamata ma'aikacin lafiya ya duba shi. Wannan ya fi zama dole ga wanda ya yi fama da shawara mai tsanani bayan haihuwa ko sanƙarau, domin dukansu suna iya taɓa ji. Ranakun rigakafi na mako shida da goma da 14 da kuma wata tara dama ce ta yin tambaya a asibitin unguwa, inda za a iya tura yaro Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi idan da buƙata.

A takarda, Najeriya ba ta rasa tsari ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da yara kafin firamare, an kuma fitar da manufar ƙasa kan raya ƙuruciya a 2007. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 11 ga Yunin kowace shekara a matsayin Ranar Wasa ta Duniya, aka fara bikinta a 2024. Amma ɗan ƙasa da shekara uku ba ya aji, yana gida, kuma tsarin da bai shiga gida ba bai same shi ba.

Hanyoyin shiga gidan kuwa suna nan. Jawabin da ake yi wa mata a ranar awo da ranar rigakafi zai iya ɗaukar minti biyar na nuna yadda ake haɗa caki da abin da ba a zubawa a ciki. Makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyin zumuntar mata na coci-coci suna tara iyaye mata duk mako. Ɗaliban tsangayar ilimi ta jami'ar da ke garin za su iya yin aikin da ma'aikatan Kingston suka yi, unguwa-unguwa. Masu gidajen renon yara kuma, waɗanda ke karɓar jarirai tun da asuba, za su iya kashe talabijin su shimfiɗa tabarma.

Kafin hukumomi su motsa, abin da ake buƙata a daren yau bai wuce robar ruwa ɗaya da cokalin riɗi da tsohuwar safa da allura da zare ba, sai kuma babban da zai zauna a ƙasa ya kaɗa, ya jira yaron ya waiwayo.